Inna Ta Haɗu

Makon jiya shugabar cibiyar binciken da na yi wa tuƙi shekara ashirin da shida ta aiko a kira ni. Abin ya ba ni mamaki, don tun ranar da na miƙa makullin mota ba wanda ya sake nemana, ko da don ya tambaye ni inda na ajiye jak ɗin ɗaga mota. Na goge takalmina na tafi. Na tarar ƙofar da muke turawa da kafaɗa yanzu da kanta take buɗewa, an kuma sare bishiyar da nake ajiye mota a ƙarƙashinta. Raina ya ɓaci tun kafin in zauna.

"Baba Direba," in ji shugabar, "wasiƙa ce ta zo mana daga wata mai bincike a wata ƙasa mai nisa. Tana aiki da manhajar da marigayiya yayarka ta rubuta. Duk wanda ya ɗora manhajar a kwamfutarsa, sai ta fara gwada kanta a kan wani fayil mai suna INNA, da manyan baƙaƙe. Matar tana so ta san kalmomi huɗun da aka taƙaita, za ta sa a takardarta. Mun birkice kabad-kabad ba mu samu ba. Cikin tsofaffin ma'aikata kuwa, kai kaɗai ka rage."

Ta nuna mini wata takarda inda ita da abokan aikinta suka jera hasashensu, manyan kalmomi masu karya haƙori. Na dubi takardar, na dube ta, ita da digirorinta. Na ce ta sa a kawo mini shayi, don wannan amsa ba ta tsaye ba ce.

Yaya ta girme ni da shekara tara. Mu biyu ne wurin Inna, babanmu ya rasu ina rarrafe. Da keken ɗinki Inna ta raine mu, a wani ɗaki mai taga ɗaya, keken yana gindin tagar saboda haske. Ba ta cika ɗinka sabon kaya ba, aikinta gyara ne: ta rage wando, ta sake zif, ta kalmashe bakin siket. Kullum da fil a bakinta, uku ko huɗu. Da su a baki take yi mana faɗa, kuma ba ta taɓa haɗiye ko ɗaya ba.

Yaya ba ta gaji allura ba. In ta ɗinka maɓalli da safe, kafin yamma ya faɗi. Yatsunta na tafireta ne. Ta shiga cibiyar a matsayin mai buga takardu, Inna kuwa ta laƙaba mata suna Akawu, rabi tsokana rabi alfahari. Tun daga bakin get kana jin bugunta, kuma daga bugun muke gane yadda ta tashi ranar. In ka ji kamar ana ruwan ƙanƙara a kan kwano, to ka ajiye takardarka ka fita da baya. Ita ta samo mini aikin tuƙi, ba ta kuma taɓa bari na manta ba. In na makara da minti biyar sai ta leƙo ta taga ta ce, "Auta, ni na tsaya maka, kada ka zubar mini da mutunci." A lokacin 'ya'yana uku, har furfura ta fara leƙowa, amma Auta nake.

Da kwamfuta ta shigo, sai kowane ma'aikaci ya koma buga takardarsa da yatsa biyu. Masu buga takardu su uku ne. Biyu suka yi sallama suka tafi gida. Yaya ta lulluɓe tafiretarta da mayafin roba, ta tura ta ƙarƙashin tebur, ta aro wani littafi mai kaurin bulo a kan yadda ake rubuta wa kwamfuta umarni. Shekara biyu tana cin abincin rana da hannun dama, tana buɗe shafi da hagu. Ta ce mini abin ya yi mata daɗi ne saboda ita da kwamfuta halinsu ɗaya: in ka bar waƙafi ɗaya ba za ta yafe maka ba. Farfesa, wanda ke shugabancin wurin a lokacin, ya lura da ita, ya mayar da teburinta ɗakin da ke jikin ɗakin gwaje-gwaje.

Aikin cibiyar a kan kifi ne. Ni nake ɗauko su cikin akwatunan ƙanƙara, shi ya sa matata ta ce har yau ƙarni bai fita daga jikina ba. Abin da ake yi da su bayan na sauke, Yaya ce ta fahimtar da ni a mota, a hanyar komawa gida. Ta ce a cikin kowace ƙwayar halitta ta jiki akwai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ke ba ta ƙarfi, ana ce musu mitokondiriya. Sai da na yi shekara kafin bakina ya iya kiran sunan. Suna ɗauke da nasu rubutun gado, da haruffa huɗu kacal, A da C da G da T, ana ta jujjuya su. Rubutun kuma zobe ne, ba kai ba wutsiya. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da ta ce daga uwa kaɗai ake gadonsa, uba ba ya ba da ko harafi ɗaya.

"Na'urar da ke karanta shi ba ta iya karantawa a jere," in ji ta. "Gutsuttsura take ba mu, dubbai a kan dubbai, a cakuɗe. Sai a nemi guntun da ƙarshensa ya yi daidai da farkon wani, a haɗa, a sake neman na gaba. Wannan haɗin shi ne aikin manhaja."

"Ashe dai ɗinki ne," na ce.

"Dubi hanya," in ji ta.

Manhajojin da ake da su sun fi ƙarfin tsohuwar kwamfutarmu, in aka ɗora mata sai ta yi ta nishi har ta sume. Farfesa ya ce wa Yaya, "Malama, ko za ki rubuta mana 'yar ƙarama daidai wuyan tamu?" Ya ce kafin a amince wa manhajar da kifi, sai an gwada ta a kan abin da aka san amsarsa. Na ɗan Adam an san shi, haruffa dubu goma sha shida da ɗari biyar da 'yan kai. Ana bukatar wanda zai yarda a goga masa auduga a cikin kunci.

Yaya ta ba da labarin a gida muna cin abinci. Inna ta zare fil daga bakinta ta ce, "Kin ce daga uwa ake gado? To me za ku yi da reshe ga tushe a zaune? Ku zo ku ɗiba." Washegari na kai ta cibiyar da kaina. Ta ci ado sai ka ce hoto za a ɗauke ta. Aka karanta mata takardar yarda, ta sa hannu, aka goga audugar. Ta ce, "Shi ke nan? Da na sani ban yi guga ba."

A watan da gutsattsarin Inna suka fito daga na'ura, a watan ne likitan ido ya gaya mana abin da ke damunta. Hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cin ganinta ta gefe-gefe tana ɓoyewa. Ya ce abin da ya tafi ya tafi, wanda ya rage kuma ba zai daɗe ba. Muka shiga mota muka kama hanya. Sai da muka kusa gida Inna ta dafa kafaɗar Yaya daga baya.

"Akawu, wannan zoben nawa, ana iya ganinsa?"

"Ana iya zana shi a takarda, Inna, har da launi."

"To ki yi sauri. Ina so in gan shi da idona kafin a kashe fitilar."

Yaya ta ce ta yi alkawari. Ita kuwa ba ta alkawari da wasa, ko na sayo gishiri ne.

Manhajar ta iya haɗi, wannan ba a ja. Abin da ta kasa shi ne sanin inda za ta tsaya. Wata rana ta yi ta zagaye a kan ɗinkinta har haruffa suka haura dubu talatin da uku. Yaya ta dawo gida fuska a murtuke ta ce Inna biyu ta fito. Inna ta yi dariya har da hawaye ta ce, "Guda ɗaya ma yaya kuka ƙare da ita?" Yaya ta gyara, ta ce wa manhajar ta tsaya da zarar ta ga rubutun da ta taɓa gani. Sai ta koma tsayawa tun ba a je ko'ina ba, ta miƙo ɗan guntu ta ce ta gama. Ƙidayar haruffa ma ba mafita ba ce, don kowane kifi da tsawon nasa zoben. Kowane gwaji kuma yini ɗaya da rabi yake ci a tsohuwar kwamfutar, in wuta ba ta ɗauke ba.

Kullum muka shigo gida, tambayar Inna ɗaya ce: "Akawu, kin gama haɗa ni?" Da farko da dariya Yaya ke amsawa, daga baya sai ta wuce ciki ba ta ko ajiye jaka. Ni kuwa ina lura da wani abu dabam. Inna ta daina iya zura zare, sai Yaya ta riƙa zura mata allura goma kowace safiya tana soke su a jikin matashi. Daga nan ta daina hawa keke, ta koma ɗinkin hannu, yatsa na lalube a gaban allura. Tsoro ya kama ni, na kuma san ya fi kama Yaya. Wata uku muka yi a haka.

Wata Asabar da hantsi na je gaishe su. Inna tana gindin taga tana kalmashe bakin wani faffaɗan siket mai zanen furanni. Yaya tana ƙasa a kan tabarma, takardu sun kewaye ta, tana ta tsaki.

"Wannan tsakin zai tsinka mini zare," in ji Inna. "Wai daga ina kike fara ɗinkin naki?"

"Daga farko mana. Harafi na ɗaya, yadda yake a littafi."

"Ba ke kika ce zobe ne ba? Wa ya ba zobe farko?"

"Masu littafin ne suka zaɓi wani wuri suka fara ƙirga daga nan."

"Wurin yaya yake?"

Yaya ta dubi takardunta. "Wuri ne mai rikici. Haruffan suna yawan maimaita kansu."

Inna ta ajiye siket a cinya. "Akawu dai akawu ce. An ba ki takarda, dole sai daga saman shafi. Miƙo hannunki." Ta kama yatsan Yaya ta bi da shi a bakin siket ɗin. "Fure, fure, fure, duk kamarsu ɗaya. In na fara daga kan fure, da na zagayo yaya zan gane wanne ne nawa? Sai in tsaya a na uku, ko in wuce in yi ta hawa kan ɗinkina. Nan nake farawa, inda aka haɗa ƙyalle biyu, don babu irinsa a duk zagayen. In soka fil. In na dawo na taɓa fil, ba na tsayawa nan take. Sai na hau kan ɗinkin farko da takun allura uku, in ji sun zauna daidai a kan juna, sannan in kashe zare in yanke rarar."

Yaya ta ɗaure fuska har na zaci fushi ta yi. Fushin kuwa ta yi, amma da kanta. Ta ce, "Wata uku! Shekara arba'in ina kallon fil ɗin nan a bakinki." Ta tattara takardunta ta ce in tashi in kai ta ofis. Na ce yau Asabar. Ta yi mini kallon da ya sa na tsinci kaina a mota makulli a hannu.

Ta sake tsarin manhajar: ta fara neman wani yanki da babu irinsa a duk rubutun, ta kafa alama a nan, ta zagaya, in ta dawo ta tabbatar ƙarshe ya hau kan farko daidai, ta yanke rarar. Sai da ta ƙara mako biyu tana gyare-gyare. Ranar wata Laraba da rana ina wanke mota na ji an kira "Auta!" da muryar da ban taɓa ji daga bakinta ba. Na shiga da soso a hannu. Farfesa yana tsaye a bayanta ya cire tabarau. A fuskar kwamfutar ga zobe a rufe, ga adadin haruffa daidai yadda ake tsammani. A ƙasa kuma ga layi ɗaya da ta rubuta da harshenmu na gida, don duk sauran saƙonnin da harshen aiki suke: INNA ta haɗu. Da manyan baƙaƙe ta buga sunan, don a koyarwar da aka yi mata ba a rubuta sunan babba da ƙananan baƙaƙe.

Ta buga zoben a takarda mai kyau, ja da kore da shuɗi. Da muka isa gida, ba ta bari na kashe mota ba ta fita. Ta durƙusa gaban Inna tana haki ta ce, "Inna, kin haɗu!"

"Ai da ma a haɗe nake," in ji Inna. "Tambayi duk wanda ya san ni da ƙuruciya. Kawo in gani."

Yaya ta sa mata takardar a hannu. Inna ta ɗaga ta wajen taga, ta karkata kai, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Kai, ya yi kyau. Sannu da aiki, Akawu." Bayan takardar take kallo, farin da babu komai a kai. Zoben yana fuskantarmu.

Ban san tun yaushe fitilar ta mutu ba, ba ta taɓa gaya mana ba. Yaya ta miƙe a hankali ta fita tsakar gida, na ji ta buɗe famfo da ƙarfi don kada a ji ta. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji nata a ranar ba.

Washegari Yaya ta sa na janyo tafiretar daga ƙarƙashin tebur na kai mata gida. Ta yaye mayafin robar, ta ɗiga mata mai. Ta ce firintar kwamfuta shafa tawada kawai take yi, tafireta kuwa tana huda takarda har yatsa ya ji. Ta ɗauki hutun kwana huɗu ta zauna ta buga haruffan nan dubu goma sha shida da 'yan kai ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfi, tana bin kowane layi da rula. Ni aikina almakashi da gam: in yanke layi-layi, in manna a jere a kan wani siririn ƙyalle da muka harhaɗa daga ragowar yadin Inna. Ya kai taku arba'in da wani abu. Inna tana jin bugun daga ɗaki tana cewa, "Yau kuma wa ya taɓa Akawu?"

Rana ta biyar muka tara mata shi a cinya, bakin biyu a haɗe da ɗinkin Yaya. Inna ta soka fil a mahaɗin, ta fara jan ƙyallen ta tsakanin yatsunta, a hankali, yadda take duba aikin da za ta miƙa wa mai shi. Ba ta san harafi ta taɓi ba, amma ba ta tsallake ko ɗaya ba. Tun bayan abincin rana take ja har inuwa ta cika tsakar gida, sannan yatsanta ya dawo kan fil.

"Wa ya yi wannan mahaɗin?"

"Ni ce, Inna."

"Na sani. Miƙo allura." Ta warware, ta sake ɗinkewa, ta hau da taku uku, ta kashe zare ta yanke da haƙori. Sannan ta dafa tarin ƙyallen da hannu biyu. "Wannan duk na uwata ne?"

"Nata ne, da na uwarta, har can baya."

"Kuma naki ne, da na Auta."

"Namu ne."

"Daga ku sai wa?"

Ni da Yaya muka dubi juna. Yaya ba ta taɓa haihuwa ba, 'ya'yana kuwa na uwarsu suka ɗauka. Inna ta san lissafin, ita da aka gaya wa sau ɗaya ta riƙe. Ta gyaɗa kai, ba ta nuna damuwa ba.

"To, Akawu, ki ajiye ni inda ba zan ɓata ba."

Da Farfesa ya ce a saki manhajar kyauta ga duk mai so, ya tambayi Yaya wane fayil za a haɗa da ita don gwaji. Ta ce an riga an zaɓa, mai shi ce ta ba da izini da bakinta. Inna ta rasu bayan shekara biyu. Yaya ta bi ta bara waccan, bayan ta yi shekara goma sha ɗaya tana amsa wasiƙun mutanen da ba ta taɓa gani ba, masu binciken kifi da tsuntsu da ƙwaro, tana yi musu faɗa a kan waƙafi. Ƙyallen yana wurina a cikin akwatin keken ɗinki, da fil ɗinsa.

Da na kai nan shayin ya huce. Shugabar ta naɗe takardar hasashensu ta tura ƙarƙashin wani littafi.

"Wallahi, Baba, na san kalmar," in ji ta. "Haka nake kiran tawa uwar. Ban dai taɓa kawowa ita ce ba."

Na tambaye ta ko har yanzu ana ɗora manhajar. Ta ce an samu sababbi masu sauri, amma da wuya mako ya wuce wani bai ɗauke ta ba a wani wuri a duniya, kuma duk wanda ya ɗauka sai gwajin nan ya gudana kafin komai. Na ce ta nuna mini. Ta juyo da kwamfutarta ta danna. Abin da ke cin yini da rabi a da, kafin in gyara zama ya gama. Layin ya fito a ƙasa, yadda Yaya ta bar shi: INNA ta haɗu.

"Me zan rubuta wa matar?" in ji shugabar.

"Ki ce mata ba a taƙaita komai ba. Uwarmu ce, tela ce, ita ta nuna inda ake soka fil."

Ta fara bugawa da yatsa biyu. Ni kuwa ban ɗauke ido daga layin ba, sai na ji bakina ya ce, "Ai da ma a haɗe take."